Sharhi a kan saitin Hikvision Turbo HD mai kyamara takwas

Da wuya mutum ya shiga shagon sayar da kayan tsaro a Kano ko Kaduna ko Abuja ya nemi kyamarar da za ta tsare masa shago ko gida, ba a fara ɗauko masa kwalin Hikvision ba. Kamfanin na birnin Hangzhou ne a ƙasar Sin, an kafa shi a 2001, kuma shi ne mafi girma a duniya wajen ƙera irin waɗannan kaya. Abin da wannan sharhi ya duba shi ne saitin da aka fi saye a shaguna da gidaje, wato rikoda mai ɗaukar kyamara takwas ta jerin DS-7208, tare da kyamarori masu megafiksel 2 na jerin DS-2CE16D0T, waɗanda ake haɗa su da rikodar ta waya. Na yi amfani da shi a shagon kayan masarufi da kuma gidan zama, kuma ra'ayina shi ne kayan sun ci kuɗinsu, amma da sharaɗi. Hoton da mai sanyawa zai nuna a talabijin da rana tsaka, a ranar da ya gama aiki, ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne abin da za a tarar a cikin rikodar idan aka koma baya aka nemi ƙarfe uku na daren shekaranjiya, kuma yawancin abin da ke tabbatar da samuwar wannan hoto ba ya zuwa a cikin kwalin.

Abu na farko da mai saye ya kamata ya karanta shi ne haruffan da ke bin lambar rikodar, domin a nan ne bambancin farashi yake ɓoye. Wadda aka rubuta wa HGHI ita ce mafi araha, kuma ko da yake tana karɓar kyamara mai megafiksel 2, ba ta ajiye hoton a cikakken faɗinsa. Tana naɗa shi ne a abin da kamfanin ya kira 1080p Lite, wato fiksel 960 a faɗi maimakon 1920. Wadda aka rubuta wa HQHI kuwa tana iya ajiye cikakken hoton, ko da yake a hoto 15 ne cikin daƙiƙa ɗaya, wanda ya wadatar ga tsaron shago. Yayin kallon kai tsaye ba a cika ganin bambancin biyun ba, shi ya sa mai saye ke fita daga shago da farin ciki. Sai an dawo da hoton da aka ajiye, an faɗaɗa fuskar mutum ko lambar babur, sannan a ga cewa rabin bayanin babu shi. Ban ga laifin kamfanin ba a kan sayar da mai araha, tunda ya rubuta abin da take yi a takardar bayaninta, amma sunan na iya ruɗar wanda bai saba ba, kuma masu shago kaɗan ne ke tsayawa su yi wa mutum bayani. Wanda yake da hali ya ƙara kuɗi ya ɗauki HQHI.

Kyamarorin kansu ƙirarsu ta yi kyau, suna jure ruwa da rana, kuma da rana hotonsu fes yake. Sai dai akwai lissafin da ya kamata a yi kafin a huda bango. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kyamarorin tsaro ta 2014 ta ce ana buƙatar kimanin fiksel 250 a kowace mita kafin a iya tantance fuskar mutumin da ba a sani ba. Idan aka raba 1920 da 250, za a ga cewa faɗin wurin da kyamarar ke kallo bai kamata ya wuce mita 8 ba. Kyamara mai gilashin milimita 2.8, wadda masu sanyawa suka fi so saboda tana kwashe fili mai yawa, tana buɗewa sama da digiri 100, don haka tana kai wannan faɗin tun a nisan kimanin mita 3. Bayan nan za a ga mutum ya shigo, a ga launin rigarsa da yanayin tafiyarsa, amma ba za a iya cewa wane ne ba. Idan kuma aka kafa ta can saman katanga don gudun ɓarayi su cire ta, abin da za ta riƙa ɗauka shi ne hula da tsakar ka. Shawarata ita ce a ware kyamara ɗaya ga kowace ƙofar shiga, mai gilashin milimita 3.6 ko 6, a sauko da ita yadda za ta fuskanci mai shigowa, a bar masu faɗin su kula da tsakar gida ko harabar shago.

Kunna rikodar a karon farko ba shi da wuya. Tana neman a saka mata sabuwar kalmar sirri mai haruffa 8 zuwa 16, gaurayen baƙaƙe da lambobi, sannan ta bi da mutum mataki-mataki. Matakai biyu ne ake yawan tsallakewa cikin gaggawa. Na ɗaya shi ne shirya faifan ajiya, domin sabon faifai ba ya karɓar komai sai rikodar ta share shi ta tsara shi da kanta. Na biyu shi ne agogo. Dole a zaɓi lokacin Afirka ta Yamma, wato awa ɗaya gaba da na Greenwich, a kuma buɗe mata damar daidaita agogonta da intanet. A cikin rikodar akwai wani ƙaramin batiri da ke riƙe lokaci idan an ɗauke wuta, kuma idan ya mutu kwanan wata yakan koma shekarun baya a duk lokacin da aka sake kunna ta. Hoton da ke ɗauke da kwanan wata na ƙarya yana da wuyar nema, kuma idan magana ta kai ga 'yan sanda ko kotu ƙarfinsa a matsayin shaida yana raguwa. Wani abin da ke tayar wa mutane da hankali a ranar farko shi ne a haɗa wayar HDMI amma talabijin ta ƙi nuna komai. Yawanci girman hoton da rikodar ke fitarwa ne ya fi ƙarfin talabijin ɗin, kuma maganinsa a haɗa ta da allon kwamfuta ta wayar VGA a rage girman.

Rikodar ba ta zuwa da faifan ajiya, sai an saya daban, kuma a nan ne ake yawan cin amanar mai saye. Faifan da aka ƙera don wannan aiki, irin su WD Purple da Seagate SkyHawk, an yi shi ne ya yi ta rubutu dare da rana ba hutu, saɓanin na kwamfutar ofis. A kasuwa kuma akwai tsofaffin faifai da aka goge aka manna musu sabuwar takarda. Abin yabo a nan shi ne rikodar tana da shafin duba lafiyar faifai da ake kira S.M.A.R.T., inda take nuna awowin da faifan ya riga ya yi yana aiki, don haka wanda aka ce sabo ne amma ya nuna dubban awowi ya tona asirin kansa tun a gaban mai shago. Game da girma, lissafin a fili yake. Kyamarar da ke naɗa megabit 2 a daƙiƙa tana cin gigabait 21.6 a rana, takwas kuma suna cin kusan 173, wanda ke nufin faifai mai terabait 1 ba zai cika kwana 6 ba kafin sabon hoto ya fara hawa kan tsoho. Idan aka kunna tsarin matse hoto na H.265+ ana samun ragi mai yawa, musamman a wuraren da babu motsi sosai, amma a bakin shagon da ke kan titi ragin ba ya kai yadda tallar ke sa rai. Mai shagon da ba ya ƙidaya kayansa sai ƙarshen wata ya sani cewa satar da aka yi a makon farko ta riga ta shafe kafin ya gano ta, sai in ya sayi faifan da zai iya riƙe hoton wata guda.

Idan rikodar ta fara ƙara tana ƙiiii ba ƙaƙƙautawa, tana kai ƙarar wata matsala ne, mafi yawa ta faifai, ko yankewar intanet, ko wata na'ura da ta ɗauki lambar adireshinta. Akwai wurin kashe ƙarar a cikin tsare-tsarenta, kuma da yawan masu gyara nan suke fara zuwa, su kashe, su karɓi kuɗinsu. Wannan daidai yake da a toshe bakin maigadi don ya hana mutane barci. Ya kamata a fara buɗe shafin faifai a ga ko yana nan lafiya, a kuma duba ko alamar naɗi tana bayyana a kan kowane hoto, domin rikoda na iya shafe watanni tana nuna hoto a talabijin alhali ba ta ajiye ko daƙiƙa ɗaya.

Babbar jarrabawar wannan saiti da dare take zuwa. Ƙorafin da aka fi ji shi ne kyamara tana aiki lafiya da rana, amma da magariba ta yi sai ta fara ɗaukewa tana dawowa, ko allon ya rubuta No Video har gari ya waye. Mutane kan ɗauka kyamarar ce ta lalace, su je su sayo wata, ita ma ta yi haka. Dalilin kuwa wuta ce. Kyamarar tana aiki da bolt 12, kuma da rana abin da take ja kaɗan ne. Da duhu ya shiga sai fitilun ganin dare da ke kewaye da gilashinta su kama, buƙatarta ta tashi zuwa kusan wat 4, kuma idan wayar da ke kawo mata wuta doguwa ce ko siririya, ƙarfin wutar yana zubewa a hanya kafin ya iso. Wannan ne ya sa kyamarar da ta fi nisa da akwatin wuta, wadda galibi ita ce ta bakin get ko ta bayan katanga, ta fi kowace mutuwa da dare, alhali ita aka fi buƙata. Gwajin mai sauƙi ne, domin ana iya kawo ƙaramar adafta mai bolt 12 a ba wa kyamarar wuta a kusa da ita, a rufe gabanta da hannu don fitilun su kama, idan hoton ya tsaya to laifin na waya ne ko na akwatin wuta.

Wayar ita ce abin da mai gida ba ya gani, don haka ita ce wurin da ake rage kuɗi. Mafi yawan wayar araha da ake kira RG59, da ma wayar intanet ta Cat6 da ake amfani da ita tare da 'yar na'urar balun mai ba ta damar ɗaukar hoton kyamarar, ba tagulla ce zalla ba, alminiyam ne aka shafa masa tagulla a sama. Alminiyam ba ya ɗaukar wuta kamar tagulla, kuma yana saurin karyewa a wurin da aka matse kan BNC, wato bakin ƙarfen da ake jona wa kyamara da rikoda. Idan aka kankare bakin wayar da reza aka ga fari a ciki, to an san abin da aka saya. Ba na ganin adalci ne a ɗora wa kyamara laifin waya, amma mai saye ya sani cewa wannan nau'in saiti ya dogara da ingancin waya fiye da yadda masu sayarwa ke faɗa. Haka nan layukan da ke yawo a kan hoto daga ƙasa zuwa sama sukan fito ne daga bin wayar kyamara kusa da wayar wutar gida, ko jikin kyamarar ya taɓa ƙarfen kwano ko na get. Idan hoton ya zama baƙi da fari da rana tsaka, ko ya hargitse gaba ɗaya, a duba ɗan maɓallin da ke jikin wayar wasu kyamarorin, wanda ke sauya yaren hoton tsakanin TVI da AHD da CVI da CVBS. Na Hikvision shi ne TVI.

Sai kuma batun ɗaukewar wuta, wanda a wurinmu ya fi kowane muhimmanci. Kyamara takwas da rikoda da faifanta suna cin tsakanin wat 50 zuwa 60 da dare. A cikin awa 10 wannan ya kai wat-awa 500 zuwa 600, wato kusan rabin abin da batiri mai bolt 12 da amfiya-awa 100 ke riƙewa, kuma rabin ne iyakar abin da ya kamata a zuƙe daga batirin dalma idan ana so ya daɗe. Ƙaramar UPS irin ta kwamfuta, wato akwati mai batiri da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ba za ta kai mutum ko'ina ba, amfaninta kawai ta riƙe saitin a 'yan mintocin da ake tayar da janareta. Wanda ba shi da inbata ko sola ya fara tanadinsu kafin ya sayi kyamara ta takwas, domin kyamara huɗu masu kwana a kunne sun fi takwas masu mutuwa tare da wutar unguwa. Yawan ɗaukewa da dawowar wuta ba zato ba tsammani shi ne kuma abin da ya fi kashe faifan ajiya. Da damina kuwa tsawa tana iya bin doguwar waya ta ƙona kafofin rikodar, shi ya sa ƙaramar na'urar kariya da kyakkyawar wayar ƙasa suka cancanci kuɗinsu.

Fitilun daren suna kai kimanin mita 20 a takarda, amma fuska ba ta fitowa sai a ƙasa da haka sosai. A lokacin hunturu ƙura tana kwanciya a kan gilashin, hasken ya riƙa dawowa cikin idon kyamarar, hoton ya zama kamar hazo. Gizo-gizo ma yana son yin saƙa a gabanta saboda ƙwarin da hasken ke jawowa. Tsumma mai laushi da tsani sun isa maganin duka biyun.

Kallon kyamara a wayar hannu ta manhajar Hik-Connect shi ne abin da ya fi jan hankalin 'yan kasuwa masu tafiye-tafiye, kuma manhajar tana aiki yadda ya kamata. Ana haɗa rikodar da rauta ta waya, a buɗe shafin Platform Access, a saka lambar tabbatarwa, a ɗauki hoton lambar QR da wayar hannu. Idan shafin ya rubuta Offline, a mafi yawan lokuta ko dai ba a bar rikodar ta karɓi adireshi daga rauta da kanta ba, ko gurbin DNS da ke shafin tsarin intanet na rikodar babu komai a ciki, kuma rubuta 8.8.8.8 a wurin yakan warware shi. Kafin a kira mai gyara kuma a duba ko data ce ta ƙare a rautar. Kallon kyamara ɗaya a ƙaramin hoto mai kilobit 512 yana cin kimanin megabait 230 a awa ɗaya, a gefen rautar shago da kuma gefen wayar mai kallo, babban hoto kuwa ya ninka haka sau da yawa.

Akwai wani abu a nan da nake ganin ya fi duk sauran nauyi. Rikoda ɗaya asusu ɗaya kaɗai take amsa wa a matsayin mai ita, sauran mutane sai dai mai asusun ya raba musu kallo. Da yawan masu sanyawa suna ɗaura ta a kan asusunsu, sannan su raba wa mai gida, wasu don sauƙin gyara daga nesa, wasu don kada a kira wani bayansu. Sakamakon shi ne wani bare yana iya ganin tsakar gidan mutum da iyalinsa a duk lokacin da ya ga dama, kuma ranar da aka ɓata da shi ko ya bar gari, mai gida ba zai iya ƙara ko wayar matarsa ba sai an bi matakan kwance na'urar daga tsohon asusun. Tsarin kansa kariya ce mai kyau daga ɓarawon rikoda, amma yana amfani ne ga wanda ya riƙe makullin. Mai gida ya buɗe asusun da lambar wayarsa ko imel ɗinsa, ya rubuta kalmar sirrin da hannunsa, ya canza ta bayan an gama aiki. A kuma kula da inda kyamarar ke kallo, kada ta leƙa cikin gidan maƙwabci ta saman katanga. Masu shaguna da ofisoshi su tuna cewa dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi hotunan ma'aikata da abokan ciniki.

Mantuwar kalmar sirri tana da wahala a wannan rikoda, kuma ina ganin wahalar da gangan ce. Idan tun farko an saka imel na ajiya, ko an amsa tambayoyin tsaro, ko an kwafe fayil ɗin GUID, wato makullin sake saitawa da rikodar ke bayarwa, a filash, sake saitawa aikin mintoci ne. Idan ba a yi ko ɗaya ba, sai an nemo kwamfuta, a saka manhajar kamfanin mai suna SADP, a fitar da fayil daga rikodar, a aika wa dillali ko sashen taimakon kamfanin a jira amsa. Tsananin yana da tarihi. Tsofaffin na'urorin kamfanin suna zuwa ne da kalmar sirri 12345, kuma a 2016 manhajar ɓarna ta Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da rikodoji na kamfanoni daban-daban a duniya ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi da ba a canza ba. A 2021 an gano wata babbar ɓaraka a kyamarorin Hikvision masu yawa da ke ba maharin nesa damar karɓe na'ura, kamfanin kuma ya fitar da gyara. Amurka ta hana hukumomin gwamnatinta sayen kayansa ta wata doka ta 2018, ta saka shi a jerin takunkumin ciniki a 2019, Birtaniya ma ta hana sanya irinsu a muhimman gine-ginen gwamnati a 2022. Ga mai shagon shinkafa da mai, darasin da ke ciki shi ne ya riƙa sabunta manhajar cikin rikodar, kuma kada ya yarda a buɗe mata ƙofofin rauta kai tsaye zuwa intanet idan Hik-Connect ta wadatar.

Neman hoton baya yana da sauƙi da zarar hannu ya saba da linzamin rikodar, wato maus, domin ana zaɓar kyamara da rana, a ja layin lokaci zuwa inda ake so. Sababbin samfura masu tsarin AcuSense suna iya ware motsin mutum da na mota daga na akuya ko inuwar bishiya, abin da ke rage awowin zama a gaban allo. Kwafe hoto zuwa filash ma yana tafiya daidai, sai dai fayil ɗin ba kowace kwamfuta ke buɗe shi ba, don haka a haɗa da manhajar kallo da rikodar ke bayarwa a lokacin kwafewa, ko a sauke VSPlayer.

Rikodar tana da nauyin da yaro zai iya ɗauka a hammata, kuma duk abin da aka naɗa a cikinta yake. Ajiye ta a kan teburin mai karɓar kuɗi, kusa da talabijin, yana nufin ɓarawon da ya san abin da yake yi zai fita da ita tare da kayan. Ya kamata a ɓoye ta a ɗaki mai makulli a ja wayar HDMI zuwa allon, amma ba a cikin silin da ke ƙarƙashin kwano ba, inda zafin watan Afrilu zai gasa faifan. Ga wanda wurinsa ke da faɗi, kamar makaranta ko gidan mai ko sito, zan fi ba shi shawarar ya duba kyamarorin intanet masu aiki da irin tasu rikodar da ake kira NVR, inda waya ɗaya ke ɗaukar hoto da wuta har nisan mita 100, kuma matsalar mutuwar dare ta ragu ƙwarai, ko da yake kuɗin ya fi yawa. Ga shago ko gidan da wayoyinsa ba su da tsawo, Turbo HD ya isa, muddin an riƙe cikon kuɗin mai sanyawa har sai an kwana, an buɗe hoton tsakar dare na kowace kyamara ɗaya bayan ɗaya, an kuma kwafe minti biyar a filash an buɗe shi a wata kwamfuta.